Ranar da Muka Yaɓe Zanena

A shekarar da garinmu ya cika da baƙi ina aji biyu a jami'a, amma a gida na yi mafi yawan shekarar, don an dakatar da karatu. Gadarif ta saba ganin taro lokacin yankan riɗi, idan ma'aikata suka cika bakin kasuwa suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa gonakin Simsim ko Basunda. Waɗannan baƙin kuwa daban suke. Daga Khartum suka gudo saboda yaƙi, da akwatuna da yara, ba su san ranar komawa ba. A cikinsu akwai masu zane huɗu ko biyar. Da zama ya ishe su, sai suka shirya biki: kowace unguwa ta ba da bango guda, a zana mata wani abu nata, ranar ƙarshe a zagaya da jama'a cikin motoci a ga bangayen ɗaya bayan ɗaya, da kiɗa da shayi. Suka ajiye kwali a ƙofar wani zauren matasa, duk mai zane ya jefa nasa.

Ni mutum ne mai kunya, irin kunyar da ke sa ka canza hanya don kada ka gaisa da mutum biyar a lokaci ɗaya. Ina da wani littafi mai takarda gida-gida, na lissafi, a ciki nake zane tun ina sakandare, kuma ban taɓa nuna wa kowa ba. Sau uku ina wucewa ta gaban kwalin nan kafin na jefa takardata. Ban sa suna ba, unguwarmu kawai na rubuta a baya. Masu yankan riɗi ne su uku a sunkuye, kowa da laujensa, a bayansu ga hilla, wato damman riɗin da ake jingina wa juna a tsaye, kawunansu sama, don kada ƙwayar ta zube kafin ranar kakkaɓewa. Ban taɓa yankan riɗi ba. Sau ɗaya Kawuna, ƙanin mahaifiyata da ke tuƙa tarakta a Simsim, ya tafi da ni gona, na zauna a inuwar mota ina kallo.

Bayan kwana huɗu shugabar masu zanen ta shigo unguwarmu da takardar a hannu. Doguwar mace ce mai tabarau, kowa Ustaza yake ce mata. Ta tsaya wurin mai shayin da ke ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, wadda duk unguwa muke kira Goggo, ta tambaye ta ko ta san mai wannan zanen. Goggo ta goge hannu, ta duba takardar, ta ga lambobin da na jera a gefe da ƙaramin rubutu.

Ta ce, "Wanda zai auna mutum da rula kafin ya zana shi? Ɗaya ne a unguwar nan. Shiga gidan can, ki ce angon tsohuwa kike nema."

Tsohuwar ita ce Haboba, kakata ta wajen uwa, a hannunta na tashi. Tun ina rarrafe take kirana ango. Mahaifiyarta ce ta taho daga yamma, ƙasar Hausa, a ƙafa da niyyar hajji, tafiya ta tsaya mata a nan, ta yi gida. Gidajen unguwarmu yawanci dangar kara ce ko langalanga, namu ne kaɗai yake da dogon bangon ƙasa mai kallon titi. Yana fuskantar gabas, kuma rabinsa shi ne bayan ɗakin da Haboba ke kwana.

Haboba ta dafa wa baƙuwa jabana, wato gahawarmu, ta saurari bayaninta har ƙarshe. Ni ina tsaye a bakin rumfa ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Da Ustaza ta gama, Haboba ta amsa mata da Larabci cewa bango na Allah ne, su zana. Sannan ta juyo gare ni da Hausa.

"Kai kuma ango, ashe kana da sana'a kake ɓoyewa? Shekara ashirin ba ka taɓa kawo mini cefane ba. To ko zanen ne yi mini in gani."

Washegari na auna bangon. Mita goma sha ɗaya da santimita arba'in, na auna sau biyu. Na kafa ƙusoshi a samansa da ƙasansa da gefe biyu, kowace rabin mita, na shafe shi da farar ƙasa, na tsoma zare a ruwan bula ina ɗaurawa daga ƙusa zuwa ƙusa ina ja ina saki ya bar layi, har bangon ya zama gida-gida kamar takardata. Masu bikin suka ba ni gwangwanayen fenti da buroshi biyu. Daga nan sai kwafa, gida bayan gida.

Kwana tara na yi ina aikin, kuma ban taɓa jin daɗin zama a waje kamar a kwanakin nan ba. Aikin bango ya dace da mai kunya, don kullum baya kake ba mutane. Su yi ta magana, kai ba sai ka kalle su ba. Wani mai keken jaki da ke kawo mana ruwa kullum sai ya tsaya.

"Ya ustaz, ka sa jakina a ciki mana. Ya fi mutanen nan naka kyau."

Kawu da ya zo hutu ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce, "Ina tarakta? Da ƙafa suka zo daga gari?"

Yara kuwa suna ta musu a kan masu yankan, kowa ya ce na tsakiya babansa ne. Goggo ce kawai ba ta ce komai ba. Ita duk kaka sai ta rufe teburin shayinta ta tafi yankan riɗi wata guda. Rana ɗaya ta zo ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallon hannun mai yankan farko, ta ce "Hmm," ta koma wurin tukunyarta. Na rubuta wannan "hmm" ɗin a raina, amma ban iya tambayarta ba.

An so a yi zagayen a ƙarshen bazara, kafin ruwa. Sai wasu unguwannin suka makara, aka ɗaga da mako biyu, aka tsayar da wata Asabar. Ban damu ba. Na ma ji daɗi, don na samu lokacin gyara inuwar hilla. Ran Litinin ɗin makon bikin ina kan tsani ina ƙarasa gefen wani dami, sai iska ta juyo daga kudu ta kawo mini wani wari da na sani tun ina yaro. Na ɗaga kai, ga shamuwa biyu a kan darbejiyar Goggo. Na sauko, na zagaya bayan gida. Ga ramin zibala nan cike taf, an rufa masa tsofaffin buhuna.

Wanda bai zauna a baƙar ƙasarmu ba, sai an yi masa bayani. Ƙasar Gadarif da rani tsagewa take har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta narke kamar man shanu. Bangon da aka gina da ita ba ya kai shekara biyu sai an rufa masa riga. Rigar ita ce zibala: kashin jaki da na shanu, da ƙaiƙayi, da ƙasa, a zuba ruwa a bar su a rami kwanaki har su tsimu, sannan a tattake, a yaɓe bangon da hannu tun daga sama har ƙasa. Kowace shekara ake yi, kafin yayyafin farko. Kowace shekara a gidanmu ake yi, a gabana. Sai dai ni ban taɓa sa hannu ba. Duk ranar yaɓe, da Kawu ya ce in fito in taka, sai Haboba ta ce, "Ku bar mini angona, hannunsa na alƙalami ne." Sai in shige ɗaki da littafi, in rufe taga saboda wari. Na auna bangon nan har santimita arba'in ɗin da ta yi saura, amma ban tuna ana yaɓe shi ba.

Yini guda na yi ina haɗa tambayar a bakina. Sai bayan la'asar na samu Haboba tana tsince wake a rumfa.

"Haboba, yaushe za a yi yaɓe?"

"Alhamis, in Allah ya kai mu. Na gaya wa mata."

"Bikin ran Asabar ne."

"To Allah ya sa a yi lafiya."

"Ba za a iya bari sai Lahadi ba?"

Ta ajiye faifan, ta kalle ni sosai. Sannan ta miƙo hannu in tashe ta, ta ja ni har waje. Ta kama yatsana ta kai shi gindin bangon, daidai ƙafar mai yankan tsakiya, ta danna. Farar ƙasata da fentina suka fashe kamar ɓawon ƙwai, yatsana ya nutse, gari ya zubo.

Ta ce, "Ka ji? Rigar bara ta mutu. Ga shamuwa ta sauka, tururuwa tun jiya suke kwashe ƙwai suna hawa sama, zibala kuma ta nuna, in ta wuce Alhamis ta lalace. Ruwan farko daga gabas yake zuwa, nan yake duka. Kai ka kwana da zane, ni in kwana ina ƙirga taurari?"

Na zare yatsana daga bangon. Ta sassauta murya.

"Wallahi na zaci ka sani. Kowa ya zaci ka sani. Goggonka har cewa take, yaron nan akwai zuciya, yana ta wahala a kan abin da za a shafe."

Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma shi ne yanzu ya fi ba ni dariya. Kwana tara unguwa tana yaba mini haƙuri, ni kuwa mantuwa ce kawai.

Na gwada Kawu. Na ce ko a rufe bangon da tamfol har bayan biki. Ya yi dariya har yana tari.

"A Simsim na ga iska ta ɗauke tamfol da buhu biyu a kansa. Kuma in ka rufe, me baƙin za su kalla? Tamfol ɗin? Ai suna da shi a inda suka sauka."

Dole na je na gaya wa Ustaza. Ta taho da kanta ran Talata, ta zauna gaban Haboba, ta yi ta roƙo da ladabi: kwana uku ne kawai, zanen ya fi na kowace unguwa kyau, an riga an sa mu a tsarin zagaye. Haboba ta bar ta ta gama, ta sake cika mata kofi.

Ta ce, "Ya bitti, 'yata, gidan da kika baro can, in wani ya yaɓe miki shi bana kafin ruwa, za ki yi fushi da shi?"

Ustaza ta cire tabarau ta goge da bakin lafayarta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce Haboba ta yi gaskiya. Ta ɗauki zanen hoto daga kowace kusurwa, ta ce mini babu yadda za ta yi, sai ta cire unguwarmu daga zagayen, don ba za a kawo mutane su kalli bango ba komai ba. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce ran Alhamis za ta zo ta taya mu, ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da ya fi sauƙi. Yaran da suka yi mako biyu suna koyon waƙar tarbar baƙi suka daina. Goggo, da ta riga ta aro kofuna daga gida uku, ta mayar. Motocin za su wuce ta bakin titinmu ba za su tsaya ba, kuma ni na jawo.

Ran Alhamis bayan sallar asuba mata suka fara shigowa, kusan goma sha biyu, kowa ta ɗaure tsohon zane. Kawu ya tuɓe riga ya nufi rami. Ban jira an kira ni ba. Na naɗe wando har gwiwa, na bi shi, na shiga. Sanyinta ne ya fara ba ni mamaki, da yadda take tsotse ƙafa. Wata daga cikin matan ta hango ni ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a, ango ya shiga lalle!"

"A riƙe shi kada ya gudu!"

"Haboba, yau kam sai ki biya mu tukwici, mun sa miki shi har idon sawu."

Haboba tana kan kujerarta 'yar tsugunne a bakin ƙofa, ta ce, "Ku sa masa da kyau, ya daɗe yana guje mini."

Na yi dariya ban shirya ba, kuma daga nan abin ya yi sauƙi. Da aka kawo bokitin farko gaban bangon, matan suka tsaya, ba wadda ta so ta fara. Na ce ni zan fara. Na ɗebi cikin hannu biyu, na manna a fuskar mai yankan farko, na shafa kamar yadda na ga ana yi. Goggo ta ce in danna da tafin hannu, ba shafa kan maraya ake ba. Daga nan suka jeru, suka fara daga kusurwar ƙofa suna yin kudu, suna waƙa. Ustaza na cikinsu, ta ɗaure hanci da gyale, zibala har goshinta. Kafin rana ta ɗaga, mai yankan farko ya ɓace, na biyu ya ɓace zuwa ƙugu.

Ina dawowa da bokiti na ga Haboba ta jawo kujerarta jikin sabon yaɓen, tana wasa da yatsa a kai. Ta ja layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ta yi masa 'yan kunnuwa a gefe da gefe da babban yatsa, ta dangwala.

Ta ce, "Haka uwata take yi a bakin ƙofa duk shekara, kafin ya bushe. Ta ce a garinsu bango ba ya zama tsirara. Ga riɗinka nan, ango. Ni ban ɓata kwana tara ba."

Na ajiye bokitin. Rana tana fitowa daga gabas, ta bugi bangon a karkace, layin da ta ja ya cika da inuwa, ya fito baƙi ƙirin kamar an sa tawada. Karan riɗi ne sosai, da kwansonsa. Na ɗaga kai sama. Ƙusoshina suna nan, matan sun yi ta zagaye su suna tsaki. Littafina yana aljihun rigata da na rataye a darbejiya.

Na tambayi Goggo yaushe yaɓe ke daina karɓar yatsa. Ta taɓa, ta ce a wannan ranar, kafin a sha jabana zagaye biyu ya ƙi. Mita goma sha ɗaya. Ni kaɗai ko kwana zan yi ba zan gama ba. Hannu goma ake so, su bi bayan masu yaɓe a guje, kuma wani ya tsaya daga baya inda yake ganin bangon duka ya riƙa faɗa musu inda za su ja. Na duba hagu da dama ina neman wanda zai yi wannan. Ba kowa. Ni kaɗai na san abin da ke cikin kowane gida.

Na ɗaura zare a ƙusoshin da sauri, Kawu yana riƙe mini tsani yana tambayar ko rana ce ta taɓa ni. Na koma tsakiyar titi da littafin a buɗe. Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban ji shi ba.

Goggo ta ce, "Me ya ce?"

Haboba ta ce, "Ɗaga murya, ango! Ba sadaki aka tambaye ka ba."

Na rufe ido na yi ihu: "Mu mayar da zanen! Da yatsa! Kamar na Haboba!"

Matan suka juyo. Sai wata yarinya ta ce, "La, ashe yana da murya." Sai dariya, sai kowa ta fara goge hannu a zane tana neman wuri.

Da farko na ɓata musu lokaci. Ina cewa gida na huɗu, layi na biyu, santimita talatin, suna kallona. Goggo ta ce in yi magana irin ta mutane. Na koma kamu da taƙi. "Daga ƙusa ta huɗu, sauko kamu biyu! Lanƙwasa zuwa wajen ƙofa, bayan mutum ne a sunkuye! Inna, ke ja daga nan ki haɗu da ita!" Sai abin ya kama. Ina tsakiyar titi, ƙafafuna da zibala har gwiwa, raksha, keken nan mai ƙafa uku, tana yi mini hon ina ɗaga mata hannu ta jira. Ni da nake canza hanya saboda mutum biyar.

Da aka zo hannun mai yankan farko, na ga Goggo tana jan wani abu daban.

Na ce, "Goggo, ba haka yake a littafin ba."

"Littafin naka ya taɓa yankan riɗi? Wanda ya riƙe lauje yadda ka zana, kafin azahar ya yanke gwiwarsa. Hannun hagu yana sama, ya tattaro kara, lauje ya shigo ta ƙasa. Kuma ba a sunkuya haka, sai ka ce mai neman allura."

Ashe ma'anar "hmm" ɗin ke nan. Na duba littafin, na duba bangon. Nata ya fi. Mutumin ya yi nauyi a ƙafa ɗaya, kana gani ka san zai ɗaga ya matsa gaba. Na ce ta yi na biyu da na uku ma. Na ukun ta mayar da shi mace, da ɗaurin ƙirji da goyon buta a baya, ta ce tun farko ta ga ba mace a gonar tawa, ta yi mamakin wa ya yanke rabinta.

Daga nan zanen ya fi ƙarfin littafina. Ustaza ta roƙi fasassun kofunan jabana da Goggo ke tarawa a gwangwani, ta riƙa danna su a kawunan hilla, farare da masu bakin zinariya. Yara suka kwaso fararen tsakuwa daga bakin kwari aka jera a matsayin ƙwayar da ta zube. Kawu ya faki idona ya zana tarakta a can kusurwar kudu, ƙafafunta huɗu duk girmansu ɗaya. Mai keken jaki ya iso da ruwa, ya ga abin da ake yi, ya sauko ya ce yau kam ba mai hana shi.

Na ce, "Babu jaki a tsarin."

Ya ce, "Ya ustaz, kayan aikin nan duka wa ya bayar? Kai ko jakina?"

Na matsa masa ya zana. Jakin yana nan a bayan hilla ta biyu, kunnensa ɗaya ya fi ɗaya.

Mun gama rana tana tsaka, taƙin ƙarshe da cokali muka kankare shi don ya fara ƙi. Muryata ta dushe. Ustaza ta tsaya a inda na tsaya, ta kalli bangon daga wannan kai zuwa wancan, ta ciro takardar zagaye daga jakarta da hannu mai zibala. Ta ce za ta sa mu farko, da hantsi, don da rana ta haye kai inuwar za ta gudu. Goggo ta aika yara su sake aro kofunan.

Ran Asabar motoci uku suka tsaya a ƙofar gidanmu. Bangon bai gama bushewa ba, kuma ba zan ɓoye ba, yana wari. Baƙin suka sauko suna toshe hanci da bakin lafaya, yaranmu suna waƙa iya ƙarfinsu. Sai suka matso. Wata tsohuwa daga cikinsu ta sa yatsa a cikin layin bayan mai yankan, ta bi shi har ƙasa. Wani ya tambayi waye mai zanen, Ustaza ta nuna ni. Na ce, da murya da ta rage mini, ni na auna, Haboba ta fara, Goggo ta gyara, mata goma sha biyu suka ja. Mai keken jaki daga baya ya ce an manta mutum ɗaya. Goggo ta karɓi bayanin daga nan, ta koya wa mutanen Khartum riƙon lauje da ludayin shayi, har direbobi suka fara hon. Haboba tana kujerarta da sabuwar lafaya, duk wanda ya gaishe ta sai ta nuna ni ta ce angonta ne, bai iya cefane ba amma ana haƙuri.

Ruwa bai zo ran Lahadi ba. Bai zo ran Litinin ba. Na ƙirga, kwana goma sha ɗaya bayan yaɓen kafin ɗigon farko ya sauka. Na je na gaya wa Haboba adadin, don ni ba na iya barin lissafi a ciki.

Ta ce, "To je ka kai ƙarar shamuwa. Ni abin da ta gaya mini na faɗa."

Da ya tashi zuwa kuwa da la'asar ya zo, daga gabas, da iska mai kayar da danga. Muna zaune a ɗakinta ni da ita da Kawu, muna jin yadda yake dukan bayan bangon kamar ana watsa tsakuwa. Ta miƙa hannu ta dafa bangon daga ciki, ta kama nawa ta ɗora a wurin. A bushe yake. Da aka ɗauke ruwan na fita da takalmin roba na duba. Tsakuwa kaɗan sun zube, taraktar Kawu ta rasa ƙafa ɗaya, sauran suna nan, ruwa yana bin layukan yana gangarowa.

Da shamuwa ta dawo a shekara ta gaba, ni na haƙa ramin. Matan suka iso da asuba, kowa da abin da take so a sa, Goggo kuma ta ce bana kakkaɓar riɗi za a yi, ta gaji da sunkuyo. Na buɗe littafin a shafin bara don in duba tazarar ƙusoshi. Shafin ya yi tauri, da sawun babban yatsana a kusurwa, ruwan ƙasa, har yanzu da ɗan ƙaiƙayi manne a ciki. Na ɗebi zibala cikin hannu biyu na nufi zanen jakin, mai shi yana tsaye yana roƙon a bar masa ko kunne ɗaya.